Kalmomin Da a Bakin Mutanen Yau: Darasi daga Ƙamusun Ingilishi ga Mai Sharhin Waƙar Hausa

Duk wanda ya saba buɗe babban ƙamusun Ingilishi na Oxford, wanda aka fara fitarwa kashi-kashi a shekarar 1884 a ƙarƙashin jagorancin James Murray, aka kuma kammala bugunsa na farko a 1928, zai lura da wata ɗabi'a ta waɗanda suka tsara shi: ba sa cewa kalma ta tsufa su yi shiru, sai sun bayyana irin tsufan da ta yi. Wata kalmar sukan yi mata alamar mutuwa, wato babu sauran mai faɗinta. Wata su ce ta tsohon yayi ce, an san ta, amma ba a ɗauko ta sai don ado ko kwaikwayon mutanen da. Wata su ce ta mawaƙa ce, a cikin baiti take zaune. Wata kuma su ce ta wani yanki ce, ta ɓace a birni amma tana nan da ranta a karkara. A ƙarƙashin kowace kalma kuma sai su jero jimlolin da aka same ta a cikinsu, kowace da shekararta, ta yadda mai karatu zai ga lokacin da ma'ana ta shigo da lokacin da ta juya.

Mai koyar da waƙar Hausa ba shi da irin wannan gata. Idan ɗalibi ya ci karo da kalma mai wuya a cikin waƙoƙin masu jihadi na ƙarni na 19, ko a waƙoƙin fada irin na Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo, amsar da ya fi samu ita ce “tsohuwar Hausa ce”, sai a ba shi wata kalma ta yau a madadinta, a wuce gaba. A kwando ɗaya ake zuba komai. Wannan gajeriyar amsa tana yin ɓarna iri biyu. Tana rage wa waƙa ma'ana, sannan a yanki irin na Dogarawa da Ƙwanni da Illela tana koya wa yaro cewa harshen da ya sha a nono kayan tarihi ne. Maganar ta ƙara nauyi tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Littattafan da za a rubuta wa makarantu nan gaba su ne za su yanke wa kalmomi masu yawa hukunci, wace ce rayayya, wace ce matacciya, don haka ya kamata a san ma'aunin da za a yi hukuncin da shi.

Abin da ya faru da Ingilishi

Tarihin Ingilishi ya nuna cewa ba ta hanya ɗaya kalma ke zama ta waƙa ba. Misali mafi shahara shi ne wakilin sunan nan “thou” da abokinsa “thee”. A zamanin da, da su ake magana da mutum guda na kusa, kamar yadda Bafaranshe ke cewa “tu” ga ɗansa ko abokinsa, ana ajiye “you” don jama'a ko don girmamawa. A cikin ƙarni na 17 sai “you” ya mamaye fagen baki ɗaya a maganar mutanen Landan, amma fassarar Baibul ta Sarki James, wadda ta fito a 1611, ta riƙe tsohon tsari, mawaƙa ma suka riƙe shi. Sakamakon haka ma'ana ta kife: kalmar da a da ake faɗa wa na gida ta koma mai kwarjini a kunnen Baturen yau, ta addu'a da waƙa. Duk da haka, a ƙauyukan Yorkshire da Lancashire na arewacin Ingila ta ci gaba da rayuwa a bakin manoma da ma'aikatan masaƙa, da tsohuwar ma'anarta ta kusanci. Kalma ɗaya ce, a Landan ta waƙa, a arewa ta tsakar gida.

Akwai ire-irenta da dama. Kalmar “steed” a tsohon Ingilishi sunan namijin doki ne da ake ajiyewa don barbara, daga baya ta koma dokin jarumi a cikin waƙa. Kalmar “welkin” asalinta gajimare, ƴar'uwar “Wolke” ta Jamusanci, amma a hannun mawaƙa ta zama sararin samaniya. Kalmar “bairn”, wato yaro, ta fita daga daidaitaccen harshe, alhali a Sikotilan da arewacin Ingila har yau da ita ake kiran ƴaƴa. Ita kuwa “wherefore” ma'anarta “don me”, amma da yake ta fara da kalmar da ke nufin “ina”, masu karanta wasan Romeo da Juliet na Shakespeare da yawa sukan ɗauka wurin da saurayin yake ake tambaya, alhali dalilin sunansa ake kuka da shi.

Mafi ban tsoro ga mai sharhi shi ne labarin “derring-do”. A 1579 Edmund Spenser ya fitar da littafin waƙoƙinsa The Shepheardes Calender, cike da kalmomin da ya tono daga Chaucer, wanda ya rasu a 1400, da waɗansu na karin harshen arewa, har sai da aka haɗa littafin da bayanin kalmomi na wani mai sa hannu da haruffan E. K. A wurin Chaucer, abin da ya zama “derring-do” kalmomi biyu ne na aikatau masu nufin ƙarfin halin aikata abu. Kuskuren maɗaba'a a wani bugu na waƙar John Lydgate ya sauya rubutunsu, Spenser ya ɗauka suna ne guda mai nufin jaruntaka, mai bayanin kalmomi ya tabbatar da hakan, bayan shekaru fiye da 200 kuma Walter Scott ya sake ɗauko ta a littafinsa Ivanhoe. Har yau tana cikin ƙamus da wannan ma'ana. Ke nan kuskuren mai sharhi, in ya shiga littafi, yakan haihu har ya yi jikoki.

Turawa sun yi jayayya mai tsawo kan waɗannan kalmomi. William Wordsworth, a gabatarwar bugu na biyu na Lyrical Ballads a 1800, ya soki mawaƙan da suka keɓe wa waƙa harshe na musamman, ya nemi a koma ga maganar mutane ta yau da kullum. Malaman Faransanci sun san irin wannan ja-in-ja: Joachim du Bellay a 1549 ya yi kira da a farfaɗo da tsofaffin kalmomi, Malherbe ya zo daga baya ya kore su, amma “onde” da “trépas” da “courroux” da “coursier” suka zauna a waƙa a madadin ruwa da mutuwa da fushi da doki. Haka kuma “septante” da “nonante”, waɗanda mutumin Paris ke ji kamar maganar kakanni, da su ake ƙirga saba'in da casa'in a Beljiyam da Suwizalan. Abin lura a duk wannan shi ne, masu ƙamus a can sun koyi raba kalmar da ta mutu da wadda ta yi ƙaura.

Kalmomin da ke raye a yamma

Kafin a ce wata kalma ta waƙar ƙarni na 19 ta tsufa, ya kamata a fara tambayar inda aka yi waƙar. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754 a Maratta, kusa da Galmi ta yau, kakanninsa Toronkawa kuma sun daɗe a ƙasar Ƙwanni kafin gidansu ya koma Degel. Hausar da shi da ƙanensa Abdullahi da ƴarsa Nana Asma'u da ɗansa Isa suka yi waƙa da ita, ko suka juya waƙoƙin Fulatanci zuwa cikinta, Hausar yamma ce, ta Gobir da Adar da Zamfara da Kabi. Daidaitacciyar Hausa kuwa a kan karin Kano aka gina ta, tun daga ƙa'idojin rubutu da Hanns Vischer ya tsara a 1912, zuwa aikin hukumar talifi ta Zariya a zamanin Rupert East, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955. Don haka tazarar da ke tsakanin waƙar masu jihadi da littafin makaranta, rabinta ta ƙasa ce, ba ta shekaru ba.

Misalai ba su da wuyar samu. Waƙar da ta ce “biɗa” a inda littafi zai ce “nema”, ko “ƙaƙa” a madadin “yaya”, ko “wanga” da “wagga” a madadin “wannan”, ko “munka” da “sunka” da “anka” a madadin “muka” da “suka” da “aka”, ba ta faɗi wani abin da zai sa mai sayar da albasa a Galmi ya ɗaga kai ba, don haka yake magana da abokin cinikinsa. Bernard Caron ya bayyana tsarin wannan karin harshe a littafinsa Le haoussa de l'Ader na 1991, kuma abin da ya rubuta daga bakin mutane masu rai ya ɗauko shi. Bugu da ƙari, masana tarihin harshe irin su Paul Newman sun nuna cewa a wurare da yawa siffar yamma ce ta asali. Kalmar “ƴa” daga “ɗiya” ta samo asali, saboda haka “ɗiyauci” da ake ji a yamma shi ne yayan “ƴanci” na littafi, dukansu kuma suna komawa ga matsayin ɗa, wanda ba bawa ba. Malamin da ya ja jan layi a ƙarƙashin “ɗiyauci” a takardar ɗalibi ya hukunta uwa ne don ba ta yi kama da ƴarta ba.

Haɗari ya fi yawa a inda kalmar yamma ta yi kama da wata kalma dabam ta daidaitacciyar Hausa, musamman da yake rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. “Awa” a waƙa tana nufin “kamar”, amma ɗalibin da ya tashi da agogo zai ji sa'a guda ce, wadda aka aro daga Ingilishi. “Wada” tana nufin “yadda”, amma a rubuce ba ta da bambanci da wada gajeren mutum ko wada ta wadata. “Zaka” tana nufin “zo”, amma mai gyaran rubutu da bai san ta ba yana iya raba ta biyu ta zama “za ka”, abin da ya riga ya faru ya koma abin da bai faru ba tukuna. Waɗannan su ne “wherefore” na Hausa. Kalmar da mai karatu bai sani ba takan tura shi ga ƙamus, amma wadda yake tsammanin ya sani ita ke kai shi ta baro.

Akwai kuma batun karin waƙa. Tun a 1975 M. K. M. Galadanci ya nuna yadda rubutacciyar waƙar Hausa ke hawa kan ma'aunan arulin Larabci, irin su Basiɗ da Kamil da Mutaƙarab, waɗanda ke dogara ga jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Gaɓar farko ta “munka” mai nauyi ce, ta “muka” kuwa marar nauyi. Duk wanda ya gyara ɗaya ya mai da ita ɗayar don ya bi ƙa'idar littafi, ya karya ƙafar baiti, kuma mai rerawa zai ji tuntuɓen ko da bai san sunan ma'aunin ba. Wannan ne ma ɗaya daga cikin dalilan da suka sa marubuta waƙa na Kano da Zariya suke aron siffofin yamma, ga kuma kwarjinin da Sakkwato ta ba su. A nan kamar da ke tsakanin “munka” da “thou” ta fito fili: a gabas harshen waƙa ce, a kwarin Maggiya kuwa harshen kasuwa da gona. Alamar da ta dace da ita a littafi ita ce “ta yamma, ana aronta a waƙa”, domin babu ta inda ta mutu.

Kalmomin da abinsu ya tafi ya bar su

Rukuni na biyu shi ne na kalmomin da suka tsufa da gaske, don abin da suke kira ya bar rayuwar yau da kullum. Waƙoƙin fada cike suke da kayan yaƙin da: lifidi, wato rigar kariya da ake cusa wa auduga don doki da mahayinsa, da sulke na zobban ƙarfe, da kwalkwali, da kansakali, da asigiri. Zamanin waɗannan kaya ya ƙare da zuwan bindigar Turawa, a nan da ƙone Birnin Ƙwanni da rundunar Voulet da Chanoine ta yi a 1899, a kudu kuma da faɗuwar Sakkwato a 1903. Abin da ya rage sai hawan salla. Haka sunayen dawaki suke: akawal baƙi ne, kili fari, danda mai roɗi-roɗi, bagazam kuwa sunansa daga duwatsun Bagazam na ƙasar Abzin ya fito. Mai sharhin da ya fassara dukansu da kalmar “doki” ya yi abin da za a yi wa “steed” in aka ce dabbar hawa ce kawai. Makaɗi ya zaɓi launin da asalin dokin da gangan, domin a fada kowane doki da darajarsa.

Wani kason na wannan rukuni yana ɗauke da tarihin yankin. “Amale”, babban namijin raƙumi da ake kirarin manya da shi, da “takobi” da “ayari”, daga harshen Abzinawa suka shigo, kuma babu inda hakan ya fi sauƙin fahimta kamar Adar, wadda Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ci a 1674, zuriyarsa kuma ta riƙe sarautar Sarkin Adar a Illela, kamar yadda Djibo Hamani ya bayyana a littafinsa na 1975 kan tarihin Adar. Bayanin irin wannan kalma darasin tarihi ne, ba musayar kalma da kalma ba.

Sai dai kuma a nan ma akwai tarko, domin da yawa daga cikin waɗannan kalmomi sun sami sabon gida. “Dakaru” a da mayaƙan ƙasa ne, kishiyoyin barade masu dawaki, yau kuwa gidajen rediyo na kiran kowace runduna da wannan suna. Sulke ya hau mota, ana cewa motoci masu sulke. “Garkuwa” ta fi duka tafiya mai nisa: daga fatar da ake tare mashi da ita ta zama garkuwar jiki a bakin likitoci, sannan ta zama “garkuwa da mutane” a labaran rashin tsaro. Yaron da ya fara jin kalmar a labarai, idan ya ji makaɗi ya kira sarki garkuwar jama'arsa, sai an mai da shi ga ma'anar farko kafin ya gane yabo ne.

Ko kalmomin da masana adabi ke aiki da su sun fito ne daga wannan rumbu. “Jigo”, wanda Abdulƙadir Ɗangambo da sauran manazarta suka sa wa babban saƙon waƙa, asalinsa itacen da ake kafawa a bakin rijiya don jawo ruwan ban garka, abin da injin ban ruwa ya ture a mafi yawan garake. “Turke”, wanda Sa'idu Muhammad Gusau ya zaɓa don waƙar baka, shi ne inda ake ɗaure dabba, kuma a tsarinsa baitocin waƙar baka “ɗiya” ne, da kalmar yamma tsantsa. Ɗalibin Dogarawa da ya taɓa ganin jigo a garka ko ya ɗaure akuya a turke ya riga ya san rabin darasin, in dai malami ya yarda ya tuna masa.

Kalmomin zauren malamai

Rukuni na uku bai taɓa zama maganar kasuwa ba, ko a zamanin da aka yi waƙoƙin. Waƙoƙin wa'azi da na madahu, daga Tabban Haƙiƙan zuwa Gangar Wa'azu, har zuwa Imfiraji ta Aliyu Namangi a ƙarni na 20, suna ɗauke da kalmomin Larabci da malamai suka shigo da su daga littattafai: Sa'ira da Hawiya a sunayen wuta, zamharira a matsanancin sanyi, siraɗi da mizani da Kausara a bayanin lahira. Mervyn Hiskett ya bi diddigin wannan al'ada a littafinsa A History of Hausa Islamic Verse na 1975. Kiran waɗannan “tsohuwar Hausa” kuskure ne ta fuska biyu, domin ba daga tsohuwar Hausa suka fito ba, kuma har gobe suna raye a makarantun zaure da wuraren tafsiri. Matsayinsu ya yi kama da na kalmomin Latin da John Milton ya cika waƙarsa Paradise Lost da su a 1667. Alamar da ta dace da su ita ce “ta ilimi”, kuma wanda ya fi cancanta a tambaya game da su shi ne malamin zaure na unguwa.

A wannan rukuni ne ramzi yake, wato kalmar da mawaƙi kan ƙera a ƙarshen waƙa daga haruffan Larabci, kowane harafi da adadinsa, jimlarsu ta ba da shekarar Hijira da aka yi waƙar. Wanda ya nemi ma'anarta a ƙamus zai gaji bai samu ba, wanda ya ƙirƙira mata ma'ana kuma ya bi sawun mai sharhin Spenser. Juya ajami zuwa boko na ƙara buɗe wannan ƙofa ta kuskure, domin ajami yakan nuna tsawon wasali, abin da boko ya zubar, amma a wurare da yawa ba ya raba wasalin “o” da “u”, sai mai juyawa ya yi zaɓi da kansa.

Ƙamusoshin Hausa a kan ma'auni

Idan aka ɗora ƙamusoshin da malamai ke dogara da su a kan wannan ma'auni, kowanne da abin da ya kawo da abin da ya bari. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934, mai kalmomi kusan 39,000, shi ne mafi amfani ga mai sharhin tsohuwar waƙa, domin ya tattara kalmomi daga sassa da yawa, yana nuna na Katsina da na Sakkwato da na Gobir, yana kuma nuna waɗanda aka aro daga Larabci. Ya amsa tambayar “a ina”. Abin da bai amsa ba shi ne “yaushe”, kuma bayaninsa da Ingilishi ne, harshen da malaman wannan gefen iyaka da yawa ba su yi karatu da shi ba. Na R. C. Abraham, wanda ya fito a 1949 aka sake bugawa a 1962, ya yi fice wajen karin sauti da yawan misalai da karin magana da kirari, don haka yana nuna yadda kalma ke zama cikin jimla. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ta Kano, na 2006, babban ci gaba ne, domin da Hausa yake bayanin Hausa, amma manufarsa daidaitaccen harshe ce. Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini, na 1987, ɗan Nijar ne ya rubuta shi don mai karatun Nijar, sai dai kamar yadda sunansa ya faɗa, ƙarami ne, ba a tsara shi don warware harshen waƙa ba.

Babu ɗaya daga cikinsu da aka gina bisa tsarin tarihi irin na Oxford, inda za a ce ga baitin da kalma ta fara bayyana a cikinsa, ga shekarar, ga yadda ta sauya. Wannan ba laifinsu ba ne, domin kowane ƙamus da aikin da aka ɗora masa. Laifin yana ga mai amfani da su, idan ya ɗauka cewa duk kalmar da bai gani a daidaitaccen ƙamus ba ta mutu. Kayan aikin kuwa suna nan: waƙoƙin masu jihadi da Bello Sa'id ya tattara a 1978, da ayyukan Nana Asma'u da Jean Boyd da Beverly Mack suka buga a 1997, da rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke ajiye a Cibiyar Binciken Kimiyyar Ɗan Adam ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai.

Aikin da ke jiran malamai da ƙungiyoyi

A Ingila ma, ba jami'a kaɗai ta ceci kalmomin karkara ba. A 1873 Walter Skeat ya kafa ƙungiyar nazarin kare-karen Ingilishi, wadda ƴan sa kai daga garuruwa da ƙauyuka suka riƙa aiko mata da kalmomi. Wanda ya haɗa aikin ya zama ƙamus mai juzu'i 6, tsakanin 1898 da 1905, shi ne Joseph Wright, ɗan talakawan Yorkshire da ya fara aikin ƙwadago tun yana ƙarami, bai iya karatu ba sai yana kusan shekara 15, daga baya ya zama farfesa a Oxford. Harshen da aka raina a bakin mahaifiyarsa shi ya mai da abin nazari.

Irin wannan aiki bai fi ƙarfin ƙungiyoyin al'adu da malaman Dogarawa da Malbaza da Ƙwanni da Illela ba. Abin da ake bukata shi ne a ɗauki waƙa guda, ta Nana Asma'u ko ta Narambaɗa ko ta Ɗan Gurmu na Tawa, a fitar da kalmominta masu wuya, a kai su gaban tsofaffi maza da mata, da maƙera da masu dawaki da manoman garka da malaman zaure. A kan kowace kalma a rubuta amsar tambayoyi huɗu: a wane gari ake faɗinta yau, su wa ke faɗinta, a wace waƙa aka same ta, kuma yaya tsawon wasalinta da karin sautinta suke. Wayar hannu ta isa ɗaukar muryar mai bayani, tare da sunan garin da shekarar da aka ɗauka. Daga nan ne za a iya sa wa kowace kalma alamar da ta dace da ita, ta yamma ce, ko ta kayan da suka shuɗe, ko ta ilimi, ko kuwa matacciya da gaske, kuma inda ba a sami tabbaci ba a bar gurbin babu komai, don gurbi ya fi ma'anar ƙirƙira sauƙin gyarawa.

A cikin aji kuwa, canjin da ake nema ɗan ƙarami ne. Kafin malami ya rubuta “tsohuwar Hausa” a allo, sai ya fara tambayar ɗalibansa ko akwai wanda ya taɓa jin kalmar a gida. A wannan yanki da Shehu ya fara jin Hausa a cikinsa, sau da yawa za a ɗaga hannu, kuma amsar da yaron zai bayar ita ce ya kamata ta shiga littafin da za a rubuta.